Ranar da Ashiru Ya Zare Igiyar Modam

A Takanamat aka haifi Ashiru, shi ne na uku a ɗakin Inna Habsatu, kuma shi kaɗai aka kai lakwal, wato makarantar boko. Ba don an ga wata basira a goshinsa ba. Lokacin da aka zo ɗaukar yara, shi ne wanda rashinsa a gona ba zai dami kowa ba. Babban wansa Alƙasum ya bi hanyar da mazan Adar suka saba bi, ya tafi bida, wato neman kuɗi, Abijan tun gemu bai fito masa ba.

Ashiru ya yi ta hawa aji har jami'ar Yamai. Can ya tarar da zamanin maci da yajin aiki da shekarun da ake sokewa ɗungurungum, karatun shekara uku ya ci masa kusan shida. Ya fito da digirin lisans na labarin ƙasa, da ciwon ciki, da wata 'yar takarda ta koyon kwamfuta, wadda ya samu a wani shago inda ɗalibai ke layi kafin kowa ya taɓa maɓallan sau ɗaya. Wannan 'yar takardar ce ta sama masa aiki a Tahoua a 1998, a biro, wato ofis, na wani furoje mai gina rijiyoyi. Aikin gwaji ne. In ya yi kyau a riƙe shi, in bai yi ba a gode masa.

A biron ana kiransa "injiniya", shi kuma bai taɓa gyara wa kowa bakinsa ba. Gaskiyar magana, kwamfutar ba ta san shi da wannan matsayi ba. Tana barinsa ya yi rubutu, ya buga takarda, amma da zarar ya nemi saka mata wani sabon abu sai ta tambaye shi kalmar sirri. Kalmar tana Yamai, a hannun wani mutum mai suna Almustafa, wanda ke kula da kwamfutocin furojen duka, kuma ya rantse ba zai ba kowa ba tun da wani reshe ya cika tasa da wasannin karta har ta sume.

In za a saka sabon furogaram, Almustafa kan bugo wayar biro da tsakar rana, lokacin da kowa ya tafi gida hutu. Wani ƙaramin akwati mai fitilu, modam, shi ke amsawa. Sai a ji ƙara kamar ana wasa wuƙa a kan dutse, can ta lafa, daga nan kibiyar da ke fuskar kwamfutar ta fara yawo da kanta. Aikin injiniya Ashiru shi ne ya zauna ya tabbata ba wanda ya ɗaga wayar, domin layi ɗaya ne, in an ɗaga komai ya rushe. In wani ya leƙo, yakan ɗora hannu kusa da maɓallan ya ɗaure fuska.

Kuskurensa ya faro ne daga alfahari. An hana ba dangi lambar biro, shi kuwa da ya je gida sallah sai da ya rubuta wa duk wanda ya iya riƙe takarda. Lambar ta bi motoci har Abijan.

Ana cikin makon ƙarshe na gwajinsa shef ɗin biron, wato shugabansu, Mushe Attaher, ya kira shi.

"Injiniya, Litinin baƙinmu masu ba da tallafi za su zo. Suna son ganin rijiyoyinmu a kan taswira, cikin na'urarka. Almustafa zai bugo Alhamis da rana ya saka abin. Juma'a da asuba zai tafi rangadi gabas, ba mai sake jin ɗuriyarsa. Ka gane?"

"Na gane, Shef."

"In baƙi sun ga taswira, ni ma zan ga sunanka da kyau."

Laraba da yamma wani direba ya tsaya ƙofar gidan da Ashiru ke haya, ya sauke Inna Habsatu da ƙullin kayanta da kwanon fura. Shi ne kuma ya ba da bayani: Alƙasum ya aiko da saƙo ta bakin wani da ya dawo gida, cewa zai bugo biron ƙanensa ranar Alhamis bayan azahar, a kawo Inna. Rabonta da jin muryarsa tun kafin a karya darajar kuɗin sefa. Ba lambar da za a kira a ce masa ya sake rana.

Ashiru ya yi tunanin gaya wa Almustafa. Amma gaya masa na nufin faɗin yadda aka yi lambar ta je Abijan. Sai ya zaɓi abin da ya fi ƙwarewa a kai, wato ya yi shiru ya sa rai abubuwa za su shirya kansu.

Alhamis, da biro ya watse, ya shigo da Inna ta ƙofar baya. Ta ƙi kujera, ta shimfiɗa mayafinta a ƙasa kusa da teburin. Ta dubi kwamfutar sama da ƙasa.

"Wanga ne kake tsaro?"

"Ba tsaro ba ne, Inna. Sarrafa shi nake."

"To. Allah shi ba da sa'a."

Waya ta yi ƙara. Ashiru ya matse hannayensa a hammata. Akwatin ya amsa, ya yi ta ƙugi, ƙugin bai lafa ba, sai layin ya katse. Ya san abin da hakan ke nufi. In Almustafa ne, na'urarsa kan amsa wa wannan su daidaita. Wanda ya bugo yanzu mutum ne, da kunne.

"Mi ke kuka haka?" in ji Inna.

"Gaisawa suke da Yamai."

Waya ta sake ƙara, akwatin ya sake yi wa mai kiran ihu a kunne, aka sake ajiyewa. Ashiru ya hango wansa tsaye a shagon waya a Abijan, yana duba 'yar takardar lambar, yana zargin kansa da kuskure. Alƙasum ba mai naci ba ne. Inna ta gyara zama, ta matso kusa da ƙafar teburin.

Ya sunkuya ya zare igiyar modam ɗin. A ransa ya ce 'yar gaisuwa ce, a gama a mayar, Almustafa ma ba zai sani ba.

A ƙara ta uku ya ɗaga. Muryar Alƙasum ce, ta yi kauri, tana tafe tana yankewa.

"Kai Ashiru, wane irin aljani kuka aje a biron nan? Inna ta zo?"

"Ga ta nan, Yaya." Ya miƙa mata kan wayar.

Inna ta kau da fuska ta ja bakin zanenta. Duk lisans ɗinsa, Ashiru ya manta abin da kowane yaro a Takanamat ya sani: Alƙasum ɗan fari ne. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zama ta yi hira da shi ido da ido, balle ta kara wani abu a kunne ta yi ta zuba a gaban ƙanensa.

"Ka tambayi wancan ko lafiya yake," ta ce wa bango.

Haka aka yi ta. Ashiru ya tambaya, Alƙasum ya amsa, Ashiru ya maimaita, ko da yake ta riga ta ji, don ta kawo kunnenta dab da gwiwar hannunsa. Ta sa a tambaye shi ko yana cin abinci, ko ƙafar da ya taɓa karyewa na damunsa da damina. Ta sa a gaya masa rumbun baya ya zube an sake ginawa. Alƙasum ya ce a gaya mata ya yi mafarkinta, ta ce a gaya masa ya bar shirme.

Ashiru na shirin sallama sai Alƙasum ya ce, "Tsaya, ga Baba Ma'azu." Ashe ba shi kaɗai ya zo ba. Duk mutanen garinsu da ke unguwar sun biyo shi, kowa da saƙon gida. Baba Ma'azu, ƙanen mahaifinsu, ya fara gaisuwa daga kan mai gari. Bayansa wani ya karɓa, sannan wani. Ashiru na kallon igiyar a ƙasa, yana cewa "za su ji, Baba, in sha Allahu za su ji." Ba a yi ɗan da zai kashe wa ƙanen ubansa waya ba, in ma an yi, ba Ashiru ba ne.

Lokacin da ya mayar da igiyar, an fara kiran la'asar, ma'aikata na dawowa. Wayar ba ta sake ƙara ba sai da Almustafa ya bugo wa shef da kansa, ya ce ya yi ta nema layi a toshe, shi kuma yana da kayan tafiya da zai haɗa.

Litinin baƙi suka zo. Ashiru ya nuna musu rijiyoyin a kan tsohuwar taswirar bango, da sanda, kuma a ganinsa ya yi bayani mai kyau. Sun yi ta gyaɗa kai suna satar kallon kwamfutar. Bayan sun tafi Mushe Attaher ya ce, ba tare da ɗaga murya ba, "Injiniya, ka ɗan huta a gida. Za mu neme ka."

Har yanzu yana hutawa. Yakan kwana yana sake lissafa abin, da ma ya bar modam ya amsa ƙara ta uku, da ma ya ce wa Baba Ma'azu layi ya lalace.

Inna kuwa ta koma Takanamat da labari. Ta gaya wa mata cewa wancan ya yi ƙiba, daga muryarsa ta gane. Ta kuma aiko wa Ashiru da saƙo cewa mutanen Abijan sun ji daɗin wayarsa ƙwarai, sun ce za su sake bugowa bayan babbar sallah, wannan karon matan gida huɗu za su biyo ta. Bai gaya mata ba tukuna cewa an sallame shi.