Ranar da Surukina Ya Zare Min Wuta

Salamu alaikum jama'a. Masu cewa na yi kuɗi na ɓuya, Allah ya yafe muku. Asibiti na kwanta.

Da ƙishirwa abin ya fara. In sha ruwa kamar raƙumi, in yi ta zaryar bayi, wando yana zame min. Ranar kasuwar Mai'adua na yanke jiki na faɗi a tsakiyar awaki.

A wani asibiti a Daura aka auna jinina. Likita ya ce, "Malam Sabi'u, suga ne, ya hau sosai." Gaskiya na tsorata. Kuɗin magani kuwa, sai da ragon layyata ya tafi.

Aka ɗaura min ruwa ta cikin wani ɗan inji mai tura magani a hankali. Nas Hajara ta ce an haɗa shi da kwamfutar teburin nas-nas, duk abin da ya same shi suna gani daga can. "Kada kowa ya taɓa. In ya tsaya, sugan zai sake hawa, kana iya suma."

Sai ga surukina ya zo dubiya daga Baure, inda suka kwana biyu ba wuta. Muna gama gaisawa ya hango soket. Ya zare filogin injin, ya soka cajar wayarsa.

Ina kallo. Mutumin da ko ido ba ma haɗawa, shi zan ce wa "cire"? Matata ta tafi ɗebo ruwan zafi. Injin ya koma kan batir, can ya fara kuka.

"Wannan abu naka akwai surutu," in ji shi.

"Ƙwarai kuwa, Baba."

Ina ta salati a zuci. Na riga na yanke shawarar mutuwa da ladabina.

Sai ga Nas Hajara da gudu. "Wa ya cire masa wuta?"

Surukina ya ce, "Yarinya, wa ya gaya miki?"

"Injin, Baba."

Ta mayar da filogi. Surukina ya juyo ya kalle ni, idonsa ya kawo ruwa. "Ɗan nan, so kake ka bar min 'ya da takaba saboda caji?"

Alhamdulillah, yanzu na warware, na rabu da shayi mai suga. Na gode wa likitoci, da matata, da duk wanda ya yi min addu'a.

In ƙishirwa ta yi yawa, ku je a auna ku. In za ku dubiya, ku yi cajinku a gida. Mara lafiya kuma ya buɗe baki ya yi magana. Ni dai Allah ya taimake ni, injin ba shi da suruki.