Matar Mai Lamba

Shekarar da mijina yake koyon aikin likita a hannun wani Bature, aka turo su Goronyo yi wa yara lambar agana. Kullum suna yawon ƙauyuka, ni kuwa ina ɗaki da littattafaina. Matan unguwa suka ɗauka ni ce idonsa. Da na yi sallama a gida sai a cusa yara cikin rumbu. Ina jin tarinsu, ana ce mini sun tafi Rara wajen kaka.

Ranar sunan ɗiyar maƙwabciyata na miƙa hannu zan ɗauki jaririya, tsohuwar gidan ta janye ta.

"Mi kika zo biɗa, matar mai lamba? Ƙidaya muna ɗiya za ki yi?"

Na ajiye sabulun da na kawo, na fito.

A gida ma ban tsira ba. Mijina yana cin tuwo ya ce, "Ke da kike shiga gidaje, gaya mini inda suke ɓoye su. In aikin bai cika ba, Bature ba zai sa mini hannu ba."

Babu rumbun da ban sani ba. Na ce, "Malam, ban sani ba."

Ya ture akushin, ya ce karatuna bai tsinana masa komai ba. Har muka bar garin bai ƙara zama hira da ni ba. Da agana ta shigo unguwar da bazara, matan nan suka ce ni na kawo ta.