Tanon Siminti a Ranar Shuka

Ko na manta da komai, ba zan manta da hantsin da ƙanen maigidana ya same ni a gona ba. Ina bin ramukan da maigidan ya sara da sungumi, ina zuba irin hatsi ina rufewa da diddige, sai na ga mutum tsaye. Shi da kullum sai ya tsokane ni, ranar ko ido bai haɗa da ni ba. Ya ce, "Matar yaya, aje ƙwaryar nan, mu tafi gida." Na aje.

Shekara biyu ke nan da samun ƴancin kai. An turo wani ma'aikaci daga Dogon Dutsi zuwa ƙauyenmu, kusa da Matankari, saurayi mai takalmi sau-ciki, an ce ya yi lakwal, wato boko, mai zurfi. Ya sanar cewa wani babba zai zo daga Yamai, dole a shirya filin tarba, sumul kamar wanda ya gani a ƙofar gidan Nasara, har da ciyawar da ake yi wa aski. Duk faɗin garin, wurin da ya zaɓa shi ne hanyar da shanun Fulani ke bi zuwa rijiya, inda kofato da ruwa suka bar ramuka.

Ya sa aka cika tano, wato gangar ƙarfe, da duwatsu da siminti, aka ɗaura masa igiya, wai a riƙa ja yana murje ƙasa. Da rani aka gwada, ƙasa ta ƙi. Da ruwan farko ya sauka, sai ya ce yau ce ranar, ƙasa ta yi laushi. Dattawa suka gaya masa wannan ruwan shuka ne, kwana biyu laima ta tafi. Ya ce aikin tilas ya tafi tare da Nasara, wannan aikin ƙasa ne, na son rai. Yana faɗa, gardi biyu, dogaran gwamnati, na tsaye bayansa. Har na tsufa ban sake ganin son ran da ake rakawa da bulala ba.

Maigidana ya sara rabin gona ke nan aka zo kiransa. Ya jingina sungumin a jikin gawo, ya ce mini, "Rufe waɗannan. Sauran in na dawo."

Daga baya aka ba ni labarin yadda aka yi. Laka ta manne wa tanon, nauyinsa ya ƙaru, ga filin yana gangarawa wajen rijiya. Maigidana ya ce a ja shi a gicciye, kada a bi gangare da mutane a gaba. Ma'aikacin ya tambaye shi a wace lakwal ya koyi hakan, ya ce a bi gangaren, ya fi sauri. Ya yi saurin kuwa. Santsi ya ɗebe maigidana, tanon ya bi ta kansa. Kafin la'asar ya cika.

Ma'aikacin ya zo gaisuwa, ya tsaya nesa da tabarma. Ya ce mamacin ya rasu yana bauta wa ƙasa, zai rubuta sunansa a takarda ya aika Yamai. Surukata ta ɗago kai ta ce, "Yaro, takardar nan ana daka ta a yi fura?"

Babban bai zo ba. An ce ziyararsa ta tsaya a Dogon Dutsi. Cikin kwana bakwai shanu suka mai da filin yadda yake, domin ba wanda ya gaya musu hanyarsu ta zama wurin tarba. Ciyawar da ta fito kuwa ƙarangiya ce.

Na yarda kwana ne ya ƙare, ban yi jayayya da Allah ba. Amma na koyi tsoron mutumin da aka ba iko a kan mutane alhali bai san ranar da suke shuka ba, kuma yana jin kunyar tambaya.

Na shiga takaba, dangi kowa na fama da tasa gonar da ta makara. Daga gawon nan zuwa iyakar gabas, rabin da ya ce sai ya dawo, ba a shuka shi ba a shekarar.