Umaru da Injin Fatsarsa

Damina uku ke nan da sauke tutar Turawa. Ranar Talata, ina ɗinkin homata ta kamun kifi a ƙofar gida, Sani ɗan Umaru ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba Bawa, tsoho ya cika." Na yi salati. Ban ɓoye muku ba, bayan salatin haushi ne ya fara zo mini kafin hawaye.

Tare aka yi mana kaciya da Umaru a Argungu, tare muka koyi su da homa da gora, yadda muka tarar iyayenmu na yi. Ba mu taɓa saɓawa ba sai shekarar mulkin kai, da wani Baturen gona zai koma gida ya bar masa sandar fatsa mai inji. Abu ne na teku, na manyan kifayen da ke kwana cikin duwatsu can wajen Ikko. Na ce, "Umaru, ina teku a Kabi?" Ya ce, "Kai dai riƙe goranka."

Baturen ya gaya masa duk ranar da aka shiga ruwa da injin, a ɗauraye shi da ruwan daɗi saboda gishiri. To, gulbinmu ba gishiri. Amma Umaru sai ya fito daga gulbi ya tafi rijiya ya ja guga ya wanke ƙarfen nan, alhali ruwan rijiyar unguwarsu ya fi na gulbi kanwa. Na faɗa har na gaji. Amsarsa ɗaya: "Haka mai shi ya ce." Man gyaɗa kuwa ba ya taɓa shi, wai yana daskarewa cikin haƙoran injin. Sai ya hau mota har Birnin Kebbi wurin Yohanna, wani tela a Nasarawa, ya sayo man keken ɗinki cikin 'yar kwalba.

Kowace Juma'a da hantsi yakan warware injin kan faifai, ya jera kusoshi da 'yan faya-fayan birki, ya goge kowanne da gashin kaza. Ni kuma in zauna in juya masa baya. Yakan ce, "Bawa, dubo nan. Birkin ga ba don tsai da kifi aka yi shi ba, don gajiyar da shi ne. Ka ɗaure da yawa, zare ya tsinke." Ya san abin da yake faɗi, don giwan ruwa ya taɓa tsinke masa zare gaban jama'a, aka yi wata guda ana dariya. Bai yi fushi da kowa ba.

Bara kurkunu ya kwantar da ni wata biyu. Kullum Umaru na aiko kifi gidana, da saƙon cewa inji ne ya kamo. Ina ci ina tsaki. Sai da na warke matata ta gaya mini homata yake zuwa ara ta bayan gida. Mutumin ke nan. Ya ciyar da iyalina, bai bar ni na gode masa ba, sai ma ya bar ni ina zaginsa.

Yanzu ga abin da ya yi mini. Ya warware injin ranar Juma'a, zazzaɓi ya kama shi kafin ya mayar. Sani ya ce maganarsa ta ƙarshe a kan abin ita ce, "A ba Bawa, ya iya." Ni! Sani kuma ya ce, "Baba, in ba ka iyawa, bayan sadakar bakwai maƙeri zan kai ma, ya yi ƙugiyoyi." Na ce, "Rufe min baki, ɗan nan." Bakwai jibi ne. Ban taɓa riƙe kusa ɗaya ba. Abin da na sani, abin da kunnena ya ɗauka ne da wutsiyar idona, ban kuma san ko ya isa ba.

Allah ya jiƙan Umaru, ya yafe masa, ya yalwata kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba matarsa Inna Rabi da Sani da ƙannensa haƙuri, ya rufa musu asiri. Ni ma ya yafe mini bakina.

Gobe in na idar da sallar asuba zan je in ɗauko faifan nan, in zauna inda haske yake, in fara da birki. Kada wanda ya zo kallo.