Gonar da Baba Ya Bari Ta Huta

Ranar wata Alhamis ce bayan kaka, shekarar da nake aji biyar na firamare. Baba ya yi sammako zuwa kasuwar Maigatari da raguna biyu, yayana Sani ya raka shi, don haka aka ce in haƙura da makaranta in fita da awaki. Ina zaune a gindin aduwa ina tsotsar 'ya'yanta, sai ga wata farar mota ta ratso burtali ta tsaya. Mutum uku suka fito. Biyu suka shiga kafa wani ƙarfe mai ƙafa uku suna leƙawa, na ukun, mai fara'a da littafi a hannu, ya nufo ni. Ya yi mini sallama kamar wata babba, ya tambayi sunana, sannan ya ce, "Hajara, wurin nan ana noma shi kuwa?" Ni kuwa a lokacin bakina ba ya shiru. Na ce a'a, shekara uku ke nan ba a sa masa fartanya ba. Ya rubuta, ya ce lallai ina da wayo. Yini na yi ina jin daɗin wannan yabo.

Abin da ban faɗa masa ba, don ban zaci akwai wanda bai sani ba, shi ne wurin saurarmu ce. Gonaki uku Baba ya gada a ƙauyenmu kusa da Gagarawa Tasha, kuma bai taɓa noma su duka a damina ɗaya ba. Kullum akwai wadda ake bari ta huta, sabara da kalgo su rufe ta. Da rani Baffa Jaɓɓi, wani makiyayi abokinsa, yakan sauka a ciki da shanunsa su zuba mata taki, mu kai musu dawa su aiko mana da nono. "Ƙasa ma gajiya take kamar mutum," haka Baba yake cewa. Mu yara, saura ita ce duniyarmu. Can muke tsinko tafasa da yaɗiya mu kai wa Inna ta yi kwaɗo, can muke carafke da 'yar ɓuya, mu dawo da zane cike da ƙarangiya a sha faɗa. A damina mai zuwa Baba ya shirya buɗe ta. Har ya ware irin riɗi ya ƙulle a tukunya, yana ta zuga yadda za ta ba da mamaki.

Kafin ruwa ya sauka mai gari ya tara magidanta. Aka ce wani kamfani mai kuɗin ƙasashen waje ya samu filin bakin hanya, zai gina ɗakunan ajiye kaya da gidajen manyan ma'aikata. An raba filin gida biyu a takarda: gonaki, waɗanda za a ba masu su musanya, da daji, wanda ba na kowa ba. Saurarmu ta faɗa cikin daji. Baba ya yi ta zarya tsakanin Gagarawa da Gumel, har da Baffa Jaɓɓi ya ja don shaida. Aka ce ya kawo takarda. Takardarsa kuwa layin gamba ce da kakanmu ya dasa a kan iyaka, ita ma katafila ta riga ta tumɓuke ta. Daga ƙarshe jami'ai suka karanta masa cewa wani ɗan gari da kansa ya tabbatar ba a noma wurin.

Kwana biyu na kasa cin abinci. A na uku, Baba yana gyaran galma a zaure, na durƙusa na faɗa masa ni ce ɗan garin. Na so ya doke ni, wallahi da ya fi mini sauƙi. Ya ajiye galmar ya ce, "Uwata, ƙarya kika yi musu?" Na ce a'a. Ya ce, "To tashi ki je ki ci tuwo." Bai sake ta da maganar ba har ya koma ga Allah.

Amma na ga abin da ya biyo baya da idona. Ƙasar da ta sha taki shekara uku aka malale da siminti. Gonaki biyun da suka rage ba su sake samun hutu ba, kowace damina sai an noma su, kowace kaka dammunan gero suna raguwa. Katanga ta toshe burtali, Baffa Jaɓɓi ya daina zuwa. Sani ya tafi Kano neman abin yi, bai dawo da zama ba. Riɗin nan Inna ta soya mana shi muka cinye.

Yanzu ni ma a Kano nake koyarwa. Sau biyu muna ƙaura saboda an zagaye unguwar da manyan gidaje masu katanga, haya ta fi ƙarfinmu. Duk inda na ga an kafe allo mai hoton benaye a bakin wata gona, sai in tuna da saurarmu. Bara da na je gida na sauka a ƙofar kamfanin, na roƙi mai gadi ya bar ni in leƙa ko na minti biyar. Ya tambaye ni cikin ladabi, "Hajiya, wa kika sani a ciki?" Na ce ba kowa. Na yi masa godiya na koma bakin titi jiran mota.

Baba ya yafe mini tun a zaure. Ni ce har yau na kasa.