Ƙashin da Aka Tono a Gonar Kakana

Duk lokacin da na wuce inda ake haƙa rijiya, ƙamshin ɗanyar laka ya bugi hancina, sai in tuna da kakana na wajen uba. A wani ƙauye muke, tsakanin Tsiga da Malumfashi. Ina 'yar shekara tara, ni ke kai masa fura gona.

Damina ta ɗauke, auduga ta fara buɗewa, sai kakana ya sa aka soma haƙa rijiya a fadamar ƙasan gonar saboda noman rani. Ba a yi gaba biyu ba aka ci karo da ƙashi. Dogo ne, ya kai cibiyar babana, ga nauyi, ya yi baƙi kamar itacen da ya daɗe a ruwa. Kakana ya shafa shi, ya ce na giwa ne, don tsofaffinsa sun ce giwaye kan sauko nan shan ruwa kafin a sare dajin.

Bayan kwana uku wani ɗan jarida ya zo a babur da rakodarsa. Ina tsaye da ƙwarya a hannu ya tambaya, “Baba, anya bai fi na giwa girma ba?”

Kakana ya ce, “Ni dai ban taɓa auna giwa ba, ɗana.”

Washegari muka ji a rediyo wai an gano ƙashin dainoso a gonarmu, wata ƙatuwar dabba da ta ƙare tun kafin a yi mutane, wai kuma mai gonar da bakinsa ya ce ya fi na giwa.

Ka san mutane da son kallo. Motoci suka riƙa zuwa daga Funtua, babura daga Danja. Aka tattake audugar, fararen kawunanta suka cakuɗe da laka. Wasu suka riƙa ɓantarar ƙashin wai magani ne. A waccan shekarar abin da muka tsinta bai cika buhu biyu ba.

Daga baya wani malamin jami'a ya zo daga Zariya, ya duba, ya ce ƙashin cinyar giwa ne. Ya ce duwatsunmu ba irin waɗanda ake samun waccan dabbar a cikinsu ba ne, sai can ƙasar Nijar. Sau biyu kakana ya tura babana gidan rediyon a gyara maganar. Suka ce to. Kullum bayan la'asar kakana yakan zauna gindin ɗorawa da rediyo a kunne har a gama labarai, sannan ya kashe, amma ba a taɓa yin gyaran ba.

Audugar bai cika maganarta ba. Abin da ya ci masa rai shi ne sunan “Mai Dainoso” da aka laƙaba masa a kasuwar Malumfashi, ana dariya, kamar shi ya ƙirƙiri ƙaryar. Mutumin da ake kira shaidar iyakar gona saboda gaskiyarsa. A hankali ya daina zuwa kasuwa, har ya rasu.

Yanzu ina koyar da kimiyya a makarantar sakandare. Labarai sun koma cikin waya, kowane mako an gano wata dabbar da ta fi ta baya girma, in kuma akwai gyara, ba ya iso mu. A bara wani ɗalibi ya miƙe ya ce ai an taɓa samun dainoso a wajen Tsiga, babansa da kunnensa ya ji a rediyo. Na buɗe baki zan yi masa bayani, sai na ga saura minti biyu a tashi. Na ce ya zauna.