Kunun kaskas da fitsarin Yaya

Da Kawu ya dawo jinya daga Indiya, cikin tsarabarsa har da wasu 'ya'yan iri farare, sun fi riɗi ƙanana. Ya ce sunansu kaskas, can a abinci ake zubawa. Inna ta riƙa daka su tana zubawa a kunun gyaɗa, duk gidan muna sha.

A makon ne Yayana ya tafi Kano gwajin lafiya, don ya samu aikin tuƙa motar wani kamfani. Ya dawo da la'asar riƙe da takarda: an ga kodin a fitsarinsa, ba aiki.

A ƙauyenmu, kusa da Kunci, katangarmu ta kara ce. Kafin magariba har masu ɗiban ruwa sun ji.

"Sirof ɗin tari kake sha?" in ji Baba. "Ni ina jan mutane salla, kai kana bayan gari da kwalba?"

"Wallahi Baba, ko sigari ban taɓa ba."

"To takardar ce maƙaryaciya? Kada ka ƙara sa hannu a kwanona."

Lokacin ina shekarar farko a makarantar koyon aikin lafiya. Kwana biyu ina bincike a waya. Kaskas irin tsiron da ake yin kodin da shi ne. Gwajin gaggawa ba ya bambance mai shan kunu da mai shan sirof. Sai babban ɗakin gwaji, inda ake neman wani sinadari, tebayin, da ke jikin irin amma babu shi a sirof. Bayan kwana biyu ko uku kuma sinadarin ya fita daga jiki.

Na rubuta duka a shafi biyu, na ja layi da rula. Amma hujjar da za ta gamsar da Baba ɗaya ce: shi ma ya sha kunun, a gwada nasa. Ta yaya 'ya za ta tsuguna gaban mahaifinta ta ambaci fitsarinsa? Sau uku ina zuwa ƙofar turakarsa, in gaishe shi, in tashi.

Ranar Juma'a Yaya ya sayar da akuyarsa ya hau motar Legas.

Sai bayan sati na faɗa wa Inna, ita kuma ta faɗa wa Baba. Ya sa ta dama masa kunun da kauri, washegari ya hau babur shi kaɗai ya tafi gari gwaji. Ya dawo ya zauna a gindin darbejiya, ya miƙo min takarda.

"Karanta min."

Na karanta. Irin ta Yaya ce sak.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun yana nan, Baba."

Sai ya ce in kira masa Yaya. Wayar ta yi ta ringi. Da Yaya ya ɗauka ya ji sallamar Baba, sai ya kashe.